Masarar da Ake Ba Baƙo

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ba inda za su gudu. Na ga yadda kuka shigo da safe, kowa ya goge farar rigarsa har tana ɗaukar ido, ana ta hoto a gaban na'ura kamar an zo ɗaurin aure. Ba laifi. Duk damina haka kuke zuwar mana daga jami'a, masu karatun halittu da masu karatun sinadarai, ku yi wata biyu kuna koyon bincike, ku koma kuna cewa ai aikin ɗakin gwaji ba wuya, zuba wannan ne cikin wancan, na'ura ta faɗi amsa. Ɗazu ma na ji wani cikinku yana raɗa wa ɗan'uwansa, wai tsohon nan mai wanke kwalabe ne zai koya mana? E, shi ne. Baba Isiyaku ake ce mani, kuma na fara wanke kwalabe a ɗakin nan tun iyayenku ba su haɗu ba. Ba ni da digiri. Amma daktocin da suka ratsa ta hannuna sun fi yatsuna yawa, har da na ƙafa.

Gobe za ku Mahuta ɗebo hatsin gwaji, shi ya sa na tara ku. Kafin in ba kowa ƙarfen soka buhu da leda, sai kun ji labarin Zulai. Ɗiyar garin Gozaki ce, tana aji uku a jami'a lokacin da aka turo ta nan, kamar ku. Dakta mai kula da ɗalibai ya ba ta aikin ta je garinsu ta ɗebo tsohuwar masara gida-gida, ta gwada ko akwai gubar fumfuna a ciki. Wanda bai sani ba ya saurara. Masarar bara da ta kai damina a buhu, in ta sha danshi, akwai wata fumfuna da ke kama ta, ta bar guba a cikin ƙwayar. Wuta ba ta kashe gubar nan, harshe ba ya jin ta. A hankali take cin hanta, yaro kuma ta tsumbure shi. Sito mafi girma a unguwar su Zulai na kawunta ne, Alhaji Sule, wanda ya riƙe ta tun tana goye, ya kai ta makaranta. Idan damina ta yi tsakiya abinci ya yi wuya, shi ke buɗe sitonsa yana auna wa maƙwabta. Kunun da jikokinsa da yaran rabin unguwa suke sha da safe, daga nan yake fitowa. To, amsar da ke hannun Zulai ke nan: a ci gaba da dama wa yaran nan wannan masara, ko a tsaya.

Satin farko ban bar ta ta taɓa na'ura ko ɗaya ba. Na kai ta bakin famfo, na tara mata kwalabe da bututun gilashi, na ce bismillah. Ta dube ni, ta dubi kwalaben, ta ce, "Baba, ni fa bincike aka turo ni." Na ce ai shi kika fara. Haka aka yi mani ni ma. Wanda ya koya mani aikin nan, Malam Bitrus, mutumin wajen Malumfashi ne, dogo, ba ya dariya sai ranar Kirsimeti, ita ma labari aka ba ni, ban gani da idona ba. Shekara guda cur ina wanke mashi gilashi. Idan na gama sai ya ɗauki bututu ɗaya, ya zuba tataccen ruwa, ya juye, ya ɗaga shi saitin taga. In ruwan ya sauka sumul, ya wanku. In ɗigo ɗaya ya maƙale a jikin gilashin, akwai maiƙo ke nan, sai ya mayar da kwandon duka cikin baho. Wata rana na ce bari in yi gwaninta, na kawo garin sabulu mai kumfa da ƙanshi daga gida, na wanke kwalaben gwajin ƙasa. Ashe cikin sabulun akwai sinadarin da muke nema a ƙasar. Ranar, gonar da ko tafasa ba ta yin kirki a cikinta ta fito kamar an juye mata buhun taki. Malam Bitrus ya sunsuna kwalba ɗaya, ya ce, "Isiyaku, gonar muke gwadawa ko wankinka?" Har yau ba na barin sabulun gida ya shigo ɗakin nan.

Sikelin can da ke cikin akwatin gilashi, kada wanda ya je kusa da shi yana surutu. Numfashinka ma yana ji. Ka kashe fanka, ka rufe ƙofarsa, ka jira lamba ta tsaya kafin ka rubuta. Leda kuwa, rubutu ake fara yi mata kafin a zuba komai: gidan wa, daga wane buhu, na sama ko na ƙasa, wace rana. Wanda ya ce zai tuna, maƙaryaci ne, ko da bai sani ba. Kuma ku san mutanen da ke shigo mana nan ba don maki suke zuwa ba. Manomi zai zo daga Matazu da ƙasar gonarsa ƙulle a tsumma. Wani zai zo da taki a gwangwani yana zargin an cakuɗa mashi da yashi. Wata ta zo da ruwan rijiyar gidanta don yara sun cika ciwon ciki. Abin da muka rubuta masu, shi za su ɗauka su tafi da shi gona ko madafi, ba su da wani wurin da za su sake tambaya.

Zulai kam, in faɗi gaskiya, hannunta mai kyau ne. Ta koyi niƙa masara a ƙaramin injin can, ta kwance shi ta goge tsakanin gida da gida don kada garin wani ya shiga na wani. Ta auna, ta zuba ruwan sinadari, ta girgiza, ta tace, ta tsoma ɗan tsinken takardar gwaji, ta saka a na'urar da ke karantawa. Wasu ƙwayoyin kuma ta jera su a farantin gilashi a kan abincin da muke dafa wa fumfuna, ta rufe, ta ba su kwanaki ta ga me zai tsiro. Ban taɓa kama ta da leda mara suna ba. Har na fara yi wa sauran ɗalibai gori da ita.

A sati na biyar ta same ni ina gyaran fitilar teburi, littafinta a hannu, bakinta ya ƙi rufuwa. "Baba, na gama. Gida talatin, duk lafiya lau. Har da na Kawu." Na karɓi littafin, rubutu tsaf, ba gyara. Amma raina bai kwanta ba. Baran an yi ruwa har cikin girbi, ni kaina sai da na zubar da rabin buhu a gidana. A ce gida talatin ba ko ɗaya? Na ce ta kawo mani ragowar masarar da ba ta niƙa ba. Na juye a tire na baza da yatsa. Ƙwayoyi manya-manya, kansu ɗaya, ba fasasshiya, ba hudar ƙwaro, ba ƙaiƙayi, ko tsakuwa ɗaya babu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ni ɗan manomi ne, masarar da ta shekara a buhu ba ta fitowa haka.

Na ce, "Zulai, wa ya ɗebo wannan?"

"Ni na karɓo, Baba."

"Ban ce wa ya karɓo ba. Hannun wa ya shiga buhu?"

Sai ta fara bayani. Duk gidan da ta shiga, in an gaisa ta faɗi abin da ya kawo ta, sai uwar gida ta ce zauna ki sha ruwa, bari a gyara maki. A shiga ciki a ɗebo, a sheƙe, a tsince, a kawo mata a faifai. A gidan kawunta kuwa, shi da kansa ya zauna a tabarma yana zaɓa ƙwaya-ƙwaya, yana cewa ba za a kai masarar gidansa gaban malamai da datti ba.

"Ƙarfen da na ba ki fa?"

"Yana cikin jaka. Baba, ta yaya zan shiga siton Kawu in riƙa soka mashi buhu kamar mai neman kayan sata?"

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maku ba. Na buɗe baki zan zazzaga mata faɗa, sai na tuna ba ni da bakin yi.

Akwai wata shekara, ina da ƙuruciya a aikin nan, da ruwa ya ƙi ɗaukewa, mutane suka ɗura masara a buhu ba ta gama bushewa ba. Wata Hajiya mai kiwon kaji a nan Funtua ta zo, kajinta suna ta mutuwa, ta kawo masarar da take haɗa masu abinci a wani kwano mai murfi, fes da ita. Lokacin ba wannan na'urar, faranti ne da shuɗiyar fitila a ɗaki mai duhu. Na gwada, ban ga komai ba, na ce mata Hajiya masararki ƙalau, a nemi ciwon a wani wuri. Bayan kwana goma ta dawo da kwali, ta ajiye a bakin ƙofar can, ta buɗe. Matattun kaji ne cike. Malam Bitrus ya ɗauki ƙarfe ya ce in biyo shi mu je siton Hajiyar. Buhun ƙasa da ya soka, masarar ta fito a dunƙule, baƙi-baƙi. Ashe daga saman buhu ta ɗebo mana, ta sheƙe ta tsince, don kada ta kunyata a gaban ma'aikata. Ni kuma ban tambaya ba. Malam Bitrus ya sa ni na tsaya gabanta na faɗa da bakina cewa kuskurena ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kiwon nan bai sake tashi ba, kuma shekarar ba wanda ya ƙara kawo mana hatsi gwaji.

Na ba Zulai wannan labari kamar yadda na ba ku. Idonta ya ciko, ta ce, "Sati biyar fa, Baba. Uku suka rage mani." Na ce, "Ɗiyata, aikin hannunki ba shi da aibi. Amma karamcin mutanen Gozaki kika gwada, ba masararsu ba, shi kuwa ba ya buƙatar gwaji." Na gaya mata gaskiya cewa in ta miƙa littafin nan haka, Dakta zai ga aiki tsaf ya yaba, ba mai ganewa. Tana iya barin kaza cikin gashinta. Sai dai ta tuna abin da za a dama a gidan kawunta gobe da safe. Na koma kan fitilata.

Washegari na tarar da ita ta riga ni zuwa. Ta ja layi ɗaya a kan kowane shafi, ta rubuta dalili a gefe, don a nan ba a yage shafi, kuskure ma aiki ne, ana barin sa a gani. Ƙarfen yana kan teburi. Ta ce, "Baba, ka raka ni. Ni zan yi magana, amma ka raka ni."

Ku riƙe wannan don gobenku. Mutanenmu ba sa ba baƙo abin banza, kuma ba za ku hana su halinsu ba. In an miƙo maku faifai, ku karɓa hannu bibbiyu, ku gode, ku kawo mani in kai gida a yi tuwo. Sannan ku nemi izinin shiga sito.

Mun sami Alhaji Sule a zaure, dattijo mai farin gemu, yana gyaran ƙotar fartanya. Aka gaisa, aka tambayi damina, aka kawo ruwa. Zulai ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa.

"Kawu, a kan masarar nan na dawo. Wadda ka ba ni ba ta yi ba."

"Ba ta yi ba? Da hannuna na tsince maki ita."

"Shi ya sa, Kawu. Yadda take a buhu nake so, ba gyara."

Ya ajiye fartanyar, ya juyo gare ni. "Malam, kai ka koya mata wannan?"

Na ce, "Ni ne, Alhaji. In laifi ne, nawa ne."

Can ya laluba aljihu, ya ajiye makulli a kan tabarma, ya ce, "Ga shi nan. Ɗiyar da na goya ce yau za ta bincike ni." Zulai ta miƙa hannu ta ɗauka.

Da buɗe ƙofar siton na san akwai magana, don wari ya riga ido. Buhuna jere a kan siminti ba katako a ƙasa, wasu sun jingina da bangon gabas, inda ruwa ke duka. Zulai ta soka na sama, ta soka na tsakiya, ta durƙusa ta soka na ƙasa, ta kutsa ta bayan tulin ta soka na jikin bango. Kowace leda ta rubuta layin buhun da wurinsa kafin ta zuba. Na sama sun fito jawur. Na ƙasa sun fito dishi-dishi, da wani gari-gari a jikinsu. Muka fito, muka yi sallama, Alhaji ya amsa a taƙaice bai ɗago ba. Abin mamaki, da maƙwabta suka ji an shiga siton Alhaji Sule da ƙarfe, ba wanda ya ƙara hana ta nasa.

Na kawunta ta fara gwadawa, a ranar. Na sama da na tsakiya suka wuce lafiya. Layi biyu na ƙasa da duk na jikin bango, lambar da na'ura ta nuna ta zarce abin da aka yarda mutum ya ci, ba kusa ba. Ta sake niƙa, ta sake gwadawa. Ta yi na uku da sabon ruwan sinadari, don kada ta ɗora wa masara laifin kwalba. Amsa ɗaya. Ban sa mata hannu ba, ina tsaye ina kallo, kuma wallahi ko Malam Bitrus ne a wurin ba zai sami abin gyarawa ba. Na ce ko ni in je in gaya wa Alhaji, tunda tsoho da tsoho magana ta fi sauƙi. Ta ce a'a, aikinta ne.

Washegari da hantsi muka koma. Ta sake durƙusawa inda ta durƙusa jiya, ta buɗe littafi, ta yi mashi bayani da Hausar da ko yaro zai gane. Ba duka siton ya lalace ba. Ta lissafa mashi waɗanda za a ci, layi-layi, don ta rubuta wurin kowanne. Na ƙasa da na bango kuwa ba na mutum ba ne, ba na dabba ba, ko kaji kada a watsa wa. Sauran a ɗora su kan katako, a janye su daga bango.

Alhaji ya ce, "Masarar da na noma da gumina, ki ce in haƙa rami in binne? Mun ci wadda ta fi wannan muni, ga mu da ranmu."

"Haka ne, Kawu."

"In an wanke, an shanya, an dafa fa?"

"Ba ta fita, Kawu. Na so a ce tana fita."

"To ke wa ya ce maki waccan na'urar ta fi idona?"

Na yi niyyar sa baki, sai na ga ta ɗago kai, karo na farko tun da muka zo. "Kawu, ba ta fi idonka ba. Kai ma ka gani, shi ya sa ka tsince mani. Ni ka tsince wa don kada in ji kunya a makaranta. Su Ummi ba a tsince masu, niƙawa kawai ake yi a dama." Ummi jikarsa ce, ba a daɗe da yaye ta ba, tana nan tsakar gida muna jin muryarta.

Alhaji ya shafa gemunsa, ya sake shafawa. Na zaci korar mu zai yi, har na fara neman takalmina da ido. Sai ya miƙe, ya leƙa ƙofar cikin gida, ya ce da murya mai nauyi a dakata da kai niƙan yau, a sauke kwanon. Ya dawo ya tsaya a kan Zulai.

"Akwai buhu huɗu da ba ki gani ba," in ji shi. "Tun farkon damina na ga sun fara danshi, na ce a cire su daga sito a fara ci, kada su lalace a banza. Suna ɗakin Innarki. Su ake niƙawa." Sannan ya ce, "Tashi, ɗauko ƙarfenki."

Ta tashi ta bi shi, ledoji a hannu ɗaya, ƙarfe a ɗayan, tana tafe tana rubuta suna a ledar farko. Ni ban bi su ba. Na zauna a zaure na shanye ruwana, don daga nan ba ta da sauran buƙatata.